Kemistiri Daga Madafa Zuwa Ɗakin Gwaji

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A cikin dukan darussan da muke yi a sakandare, ban san wanda wannan magana ta fi dacewa da shi kamar kemistiri ba, watau ilimin sinadarai. Malami yana iya cika allo da rubutu tun daga sama har ƙasa, ya ce idan abu kaza ya gamu da abu kaza za a sami abu kaza, mu kuwa mu kwafe mu haddace. Amma ran da aka miƙa wa ɗalibi kwalba biyu aka ce ya haɗa ya faɗi abin da ya gani, sai hannu ya kama rawa, hadda ta gudu.

Wannan kuwa ba ƙaramar magana ba ce. Jarrabawar kemistiri ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, takarda uku ce, ta ukun kuwa ta aikin hannu ce a ɗakin gwaji. Haka nan hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, tana da tata takardar aikin hannu. Duk mai son karatun likita, ko haɗa magunguna, ko injiniya, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Jihar Kaduna, dole ne ya sami kiredit a kemistiri. Ga shi kuma a makarantu da yawa kayan gwaji ba su isa ba, sinadaran kuma da tsada, har akan adana su sai jarrabawa ta matso. Ɗalibin da bai taɓa awo da hannunsa ba sai saura mako uku, yaya za a yi hannunsa ya faɗa?

Nufina a nan shi ne in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu cewa da yawa daga cikin abubuwan da ke manhajarmu ana iya gwada su da kayan da ke cikin madafar kowane gida a nan Unguwar Sarki, ko waɗanda ake samu da 'yan kuɗi kaɗan a Kasuwar Kawo ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Mu 'yan ƙungiyar kimiyya ta makarantarmu mun yi waɗannan gwaje-gwaje a gaban malaminmu, shi ya sa nake iya bayaninsu.

Mene Ne Sauyin Sinadari?

Kafin mu shiga gwaji, ya kamata mu san abin da muke nema. Idan ƙanƙara ta narke ta zama ruwa, kama ce kawai ta sauya, ruwa yana nan ruwansa. Idan an jiƙa gishiri aka bar ruwan ya ƙafe, gishirin zai dawo. Amma idan itace ya ƙone ya zama toka da hayaƙi, ko madara ta kwana ta zama nono, ko ƙusa ta yi tsatsa, to an sami sabon abu wanda da babu shi. Wannan shi ake kira sauyin sinadari.

Alamominsa da ido ko hannu ke iya kamawa huɗu ne. Launi yakan sauya. Kumfa takan taso, alamar wata iska tana fita. Kwalba takan yi zafi ko ta yi sanyi ba tare da an kai ta wuta ko firji ba. Ko kuma ruwa garau ya gurɓace, wani gari ya kwanta a gindin kwalba. Sai dai a lura, alama ba ita ce hujja ba, domin ruwan da ke tafasa ma yana kumfa alhali kuwa bai zama wani abu dabam ba. Tambayar da za mu riƙa yi kullum ita ce: an sami sabon abu ko ba a samu ba?

Ina Ake Samun Gwajin?

Wuri uku muke dubawa. Na farko littafin aji da tsofaffin takardun jarrabawa, domin su ne za su gaya mana babin da ake bukata. Na biyu madafa da kasuwa, inda za mu nemi abin da zai tsaya a madadin sinadarin da littafi ya ambata. Na uku wurin masu sana'a, irin su marina da masu sabulu da masu walda, waɗanda kullum cikin sarrafa sinadarai suke ko da ba su kira su da sunayen littafi ba.

Idan mun sami wani gwaji, sai mu auna shi da tambaya uku kafin mu karɓe shi. Wane babi yake koyarwa? Akwai abin da za a gani, a kuma auna da lamba? Za a iya yinsa ba tare da haɗari ko kashe kuɗi mai yawa ba? Wanda ya faɗi ko da ɗaya daga cikin ukun nan mukan bar shi, komai ban sha'awarsa. Abin da ya yi ƙara ya ba mutane dariya amma ba a koyi komai ba, wannan wasa ne.

Kayan aikin ma ba su da wuya: ƙananan kwalabe da aka wanke tas, sabon sirinji marar allura domin yana da lambobin mililita a jikinsa, robar lemon kwalba, balan-balan, kyandir, da fankon ƙwayar magani wanda ramukansa suka isa a ɗiga abu a ciki. Kada wani ya raina ƙanƙantar kayan. A shekarun 1990 malaman Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu sun ƙera 'yan ƙananan kayan gwaji na roba waɗanda ake aiki da su da ɗigo-ɗigo, hukumar UNESCO kuma ta taimaka aka yaɗa su a ƙasashe da yawa. Amfaninsu shi ne sinadari kaɗan ya ishi aji guda, haɗari kuma ya ragu.

Gwaji na Ɗaya: Zoɓo Mai Tona Asiri

A jiƙa busasshen zoɓo a ruwan zafi, ba sukari ba citta, a tace, a sirka shi da ruwa har ya zama ja mai haske. A zuba kaɗan-kaɗan a kwalba biyar. Ta farko a bar ta haka domin kwatance. Ta biyu a ɗiga lemon tsami, ta uku ruwan tsamiya, ta huɗu ruwan kanwa, ta biyar ruwan toka. Ta biyu da ta uku za su tsaya a kan jansu, har ya ƙara fitowa. Ta huɗu da ta biyar kuwa za su yi duhu, su bi ta shuɗi-shuɗi su koma kore.

Dalili shi ne, abin da ya ba zoɓo launinsa yakan sauya kama gwargwadon ruwan da ya sami kansa a ciki. Lemon tsami da tsamiya asid ne, kanwa da toka kuwa alkali ne. A kula, wannan alkali ba alƙalin kotu ba ne. Kalmar ta fito ne daga wata kalmar Larabci mai nufin tokar tsiro, watau dai ruwan tokar nan da kakanninmu ke tacewa su sa a miya. Kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, shi ma yana wannan aiki: rawaya ne a asid, amma ya ji kanwa sai ya koma ja mai duhu.

Wani masani na Ingila, Robert Boyle, ya bayyana irin wannan gwaji a 1664, shi da ruwan furanni ya yi. A 1909 kuma Sørensen na ƙasar Denmak ya fito da ma'aunin da muke kira pH. A wannan ma'auni ruwa zalla yana kan 7, lemon tsami wajen 2, ruwan kanwa kuwa tsakanin 9 da 11.

Gwaji na Biyu: Awon Ɗigo

Wannan shi ne ya fi kusa da tambayar farko ta takardar aikin hannu, wadda ake kira taitireshan. A daka kanwa, a auna cokali ɗaya a jiƙa a rabin kofin ruwa, a tace. A ɗebi mililita 5 da sirinji a zuba a farin kofi, a sa zoɓo kaɗan har ya yi kore. Sa'an nan a cika wani sirinji da tataccen lemon tsami, a riƙa ɗigawa ana kaɗa kofin a hankali, har ja ya dawo ya tsaya. A rubuta mililita nawa aka ci. A sake yi har sau uku, a fitar da matsakaici, kamar yadda ake bukata a jarrabawa.

To, a nan ne abin ke daɗi. Kanwa iri-iri ce a kasuwa, akwai fara, akwai ja, akwai ungurnu, ana kawo su daga Borno da yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga ta Nijar. Idan an auna kowace da nauyi ɗaya da ruwa ɗaya, wadda ta fi shan lemon tsami kafin ja ya dawo ita ta fi ƙarfi. Alal misali, idan ɗaya ta sha mililita 4, ɗaya kuma ta sha 8, ta biyun ta ninka ta farko. Ka ga ɗalibi ya amsa tambayar da ba ta cikin littafi, da hannunsa da lissafinsa.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan. Idan miyar yakuwa ta yi tsami, 'yar kanwa ake jefawa ta kashe tsamin. Abin da littafi ke nufi ke nan da ya ce asid da alkali suna kashe juna, su bar gishiri da ruwa. Bambancin kawai shi ne uwa da harshe take awo, mu kuwa da sirinji.

Gwaji na Uku: Iskar da Ke Kashe Wuta

Mai lura zai ga kumfa tana tasowa sa'ad da lemon tsami ya sauka a kan kanwa. Kanwa dai gaurayen sodiyam kabonet ne da sodiyam baikabonet, tare da ƙasa da wasu gishirai, duk kabonet kuwa in ya gamu da asid sai ya saki iskar kabon dayoksaid. A zuba lemon tsami a roba, a sa garin kanwa cikin balan-balan, a ɗaura shi a bakin robar, a ɗaga garin ya zube. Balan-balan zai kumbura da kansa.

Yaya za mu tabbatar da ko wace iska ce? Hanya biyu. A haɗa kanwa da lemon tsami a dogon kofi, a jira kumfa ta lafa, a kunna guntun kyandir a cikin wani kofi, sa'an nan a karkata na farko a kan na biyu kamar ana zuba ruwa, amma kada ruwan ya zuba. Wutar za ta mutu, domin iskar ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kamar rabi, tana kuwa kwarara ƙasa. Hanya ta biyu ita ce ta jarrabawa: a bi da iskar ta cikin siririn bututun roba zuwa cikin ruwan laim, zai yi fari kamar an ɗiga madara. Ko numfashinmu muka hura a ciki, haka zai yi. Joseph Black na ƙasar Sikotlan ne ya fara bayanin wannan iska a shekarun 1750.

A gwada ɓawon ƙwai ma, zai yi kumfa domin kalsiyam kabonet ne, ɗan'uwan dutsen da ake gasawa a yi siminti a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe. Amma allin rubutu sau da yawa ba ya kumfa, domin yawancinsa da kalsiyam salfet ake yi. Wanda ya taɓa robar kuma zai ji ta ɗan yi sanyi, musamman in da bekin soda aka yi, alamar wannan sauyi yana jan zafi ne daga waje.

Akwai darasin rai a nan. Nauyin wannan iska ne ke sa ta taru a gindin rijiya mai zurfi, shi ya sa tsofaffin masu haƙa sukan fara zura fitila, in ta mutu ba sa shiga. Tana kuma da ƙanwa da ta fi ta mugunta, kabon monoksaid, wadda ke fita daga gawayi ko janareta a wurin da iska ba ta isa ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuwa kisa cikin barci. Saboda haka kada a shiga da kaskon wuta ɗaki a rufe lokacin hunturu, kada kuma a kunna janareta a zaure ko a baranda kusa da taga.

Gwaji na Huɗu: Babu Abin da Ke Ɓata

Wannan yana bukatar ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya, mai nuna kashi ɗaya cikin goma na giram. A zuba mililita 50 na lemon tsami a robar lemon kwalba. A ƙunshe giram 2 na bekin soda a 'yar takarda, a jefa, a ɗaure murfi da sauri, a aza a sikeli. Kumfa za ta yi ta tashi, roba ta yi tauri, amma lambar sikeli ba za ta motsa ba. Sai a kwance murfi a hankali, a ji huci, a mayar da roba da murfinta kan sikeli. Yanzu nauyi ya ragu.

Wannan ita ce dokar da Lavoisier na Faransa ya rubuta a littafinsa na 1789, cewa a sauyin sinadari nauyi ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, wuri kawai yake sauyawa. Ga kuma lissafi: giram 84 na sodiyam baikabonet yana ba da giram 44 na kabon dayoksaid, saboda haka giram 2 zai ba da giram 1 da ɗan ɗoriya. Abin da sikeli zai nuna ba zai kai haka ba. Ina saura? Wani ya narke cikin ruwan, wani yana nan kwance cikin robar. Neman dalilin irin wannan gibi shi ne ainihin aikin mai kimiyya. Gargaɗi: kada a wuce giram 2, kada kuma a yi da kwalbar gilashi.

Gwaji na Biyar: Tsatsa

A sami sababbin ƙusoshi a goge su. Kwalba ta farko, ƙusa cikin ruwan famfo, baki a buɗe. Ta biyu, ƙusa cikin ruwan da aka tafasa sosai don a kori iskar da ke cikinsa, a malala man gyaɗa a sama. Ta uku, ƙusa a busasshiyar kwalba tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sababbin takalma, a rufe ruf. Ta huɗu, ƙusa cikin ruwan gishiri. Bayan mako guda, ta farko da ta huɗu za su yi tsatsa, ta biyu da ta uku kuwa kusan ba abin da zai same su. Ashe ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da oksijin sun haɗu a kansa. Shi ya sa ake shafa wa ƙofa fenti, ake sa wa sarƙar keke mai, ake kuma lulluɓe kwanon rufi da zinki tun daga masana'anta.

Har wa yau tsatsa tana iya auna mana iska. A sami lallausan soson ƙarfe irin wanda ke yin tsatsa in ya kwana da laima, a jiƙa, a cusa shi a gindin miƙaƙƙen kofin gilashi, a kife kofin cikin faranti mai ruwa. Bayan 'yan kwanaki ruwa zai hau cikin kofin kamar kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa. Ƙarfen ne ya cinye oksijin, ruwa ya maye gurbi. Littafi ya ce oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iska, ga shi rula ta gaskata shi.

Gwaji na Shida: Sauri da Nawa

Me ya sa wani sauyi ke faruwa nan take, wani kuwa sai an kwana? A ɗauki ɓawon ƙwai da ruwan khal. Karo na farko, a kwatanta dakakke da wanda ba a daka ba, nauyi ɗaya. Karo na biyu, ruwan khal mai ɗumi da mai sanyi. Karo na uku, tsantsa da wanda aka sirka rabi da rabi. A riƙe agogo, ko a auna kumburin balan-balan da zare bayan minti biyar. Dakakke, da mai ɗumi, da tsantsa, su za su yi gaba. Sharaɗin dai shi ne abu ɗaya kaɗai za a sauya a kowane karo, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aikin ba.

Sauye-sauye da yawa saurinsu yakan kusan ninkawa in zafi ya ƙaru da digiri 10. Wannan ne ya sa miyar da za ta kwana lafiya a watan Janairu take lalacewa kafin safiya a watan Afrilu, kuma faskararren itace ya fi gungume saurin kamawa.

Akwai kuma abin da ke hanzarta sauyi ba tare da shi kansa ya ƙare ba, ana kiransa katalis. A sayo ruwan wanke ciwo da ake kira haidurojin a kemis, a zuba kaɗan a kwalba biyu. A jefa ɗanyar hanta a ɗaya, dafaffiya a ɗaya. Ɗanyar za ta tayar da kumfa tuli, dafaffiyar kuwa shiru, domin wuta ta lalata katalis ɗin da ke cikinta. A kunna tsinken tsintsiya a hure, a kai garwashin bakin kwalbar mai kumfa, sai ya yi haske ko ma ya kama da wuta. Oksijin ke nan, iskar da Joseph Priestley ya samo a 1774.

Abin Koyo a Wurin Masu Sana'a

Wanda ya taɓa zuwa karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda aka ce yana nan tun 1498, ya ga babban darasi. Marina sukan haɗa baba da toka da kanwa a rijiyar rini, su bar shi kwanaki yana ruɓa. Sa'ad da aka tsamo zane, kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sa'an nan ya koma shuɗi a gaban idonka. A cikin rijiya an sauya baba ya zama mai narkewa a ruwa har ya ratsa zare, a waje kuma oksijin ya mayar da shi shuɗin da ba ya narkewa, ya maƙale. Wannan shi ne babin da littafi ke kira ridoks. Wani kamfanin Jamus, BASF, bai fara sayar da baban da aka haɗa a masana'anta ba sai 1897. Wanda bai sami zuwa Kano ba ya yanka yalo biyu, ya shafa wa ɗaya lemon tsami, ya ga wanda zai riga yin duhu.

Masu sabulun salo kuma ruwan toka suke dafawa da mai, kamar man kaɗe ko man ja, alkali ya farfasa man ya zama sabulu. Masu walda na Panteka da ke aiki da kabayid suna zuba masa ruwa ya ba da iskar asitilin, wadda in ta haɗu da oksijin harshen wutarta ke wuce digiri 3,000. Farin dusar da ke saura bayan kabayid ya gama aiki ita ce laim. Malami na iya karɓo wadda ta mutu sarai, ya jiƙa, ya bari ta kwanta, ya tace, a sami ruwan laim na gwaji na uku kyauta.

Garinmu ma da irin wannan ilimi ya bunƙasa. Masaƙar Kaduna ta Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, da rini da wankin zare ta rayu. Kamfanin takin zamani da aka kafa a shekarun 1970 ya riƙa haɗa dutsen fosfet ne da asid. Matatar mai da aka buɗe a 1980, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta Basawa a Zariya, duk an gina su ne domin mutanen da suka iya awo da hannunsu.

Rigakafi Ya Fi Magani

Na farko, kada a yi gwaji sai da sanin malami ko wani babba. Na biyu, abin da ya shiga gwaji ya tashi daga abinci, ba a ɗanɗanawa ko da zoɓo ne, kuma a ware kofunan gwaji dabam. Na uku, kada a kusanci ruwan batirin mota, asid ne mai cin nama da tufafi. Na huɗu, kada a haɗa ruwan bilic da lemon tsami ko ruwan khal ko maganin wanke masai, domin yana fitar da iskar kulorin mai guba. Na biyar, kada a taɓa ɗanyen kabayid, kada kuma a kai wuta kusa da shi. Na shida, 'yan mata su soke gefen hijabi ko ɗankwali kafin a kunna kyandir, a kuma ajiye bokitin ruwa kusa. Idan wani abu ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a tafi asibiti.

Ina roƙon iyayenmu mata masu haɗa sabulun ruwa da kostik soda, don Allah kada a zuba ta a robar lemo ko ta ruwan sha. Ba ta da launi, yaro zai ɗauka ruwa ne, tana kuwa ƙone maƙogwaro.

Kira ga Ɗalibai da Iyaye

Gwajin da ba a rubuta ba kamar ba a yi shi ba ne. Kowa ya tanadi littafi guda, ya raba shafi uku kamar yadda ake yi a jarrabawa: abin da na yi, abin da na gani, abin da na fahimta. A rubuta abin da ido ya gani, ba abin da littafi ya ce za a gani ba. In sun saɓa, a nemi dalili.

Ba na cewa zoɓo da kanwa za su maye gurbin ɗakin gwaji. A jarrabawa buret da fifet za a ba mu, da sinadaran ainihi, karanta lambar buret kuwa sai da buret. Amma wanda ya saba ɗigo har launi ya juya, ya saba maimaita awo sau uku, ya saba rubuta abin da ya gani, rana ɗaya ta ishe shi sabawa da gilashi. Saboda haka muna roƙon ƙungiyar iyaye da malamai da tsofaffin ɗalibai, in za a taimaki makaranta, a tuna da ɗakin gwaji: buret, da fifet, da tabarau na kare ido, da sikeli ko da guda biyu ne.

Iyayenmu kuma, idan kun ga ɗanku ko 'yarku na roƙon guntun kanwa da ɓawon ƙwai da lemon tsami biyu, kada ku ɗauka ɓarna ce. Ku ba shi, ku tsaya a kansa, ku tambaye shi me ya gani, me ya sa. Michael Faraday na Ingila ɗan maƙeri ne, a shagon ɗinkin littattafai ya yi koyon sana'a, ya kuwa zama ɗaya daga cikin manyan masana kimiyya na duniya. Da ya tashi koya wa yara kemistiri a Landan, kyandir guda ya ɗauka ya yi lacca shida a kansa, aka buga su littafi a 1861. Kyandir kuwa akwai shi a kowane kanti a Unguwar Sarki. Amfanin ilimi aiki da shi, sai mu fara da abin da ke hannunmu tun jarrabawa tana nesa.